Yadda Harafin U Ya Kunyata Ni a Safana

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Laraba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen Safana ba za su bar ni ba. Ni malamin Turanci ne a wata sakandare da ke garin, ɗan asalin Wagini, kuma a lokacin na kai shekara goma sha tara ina riƙe da alli. Ɗalibai suna kirana Malam Ƙamus a bayan idona. Na sani sarai, kuma (ga gaskiya) daɗin sunan nake ji. Ba na wuce allon shago ban karanta ba. Na taɓa tsayar da babur a tsakiyar kasuwa don in gaya wa mai gyaran taya cewa ya manta harafi ɗaya a allonsa. Mutumin ya yi godiya, ya kuma tambaye ni ko ina da faci.

Abin ya faro ne daga ɗakin malamai. Malam Sada, mai koyar da labarin ƙasa, wanda teburinsa ke manne da nawa, shi ya miƙo mini wayarsa wata rana yana share hawayen dariya. Wani zanen barkwanci ne da ake sakawa a intanet duk ranar Juma'a, hoto huɗu jere, maganar mutanen tana rubuce a saman kawunansu. Mai zanen bai taɓa faɗin sunansa ba, amma duk wanda ya ga runbunan gero da tashar babura da ke ciki ya san ɗan yankinmu ne. Da Turanci ake yawancin maganar, ana ɗan surka Hausa, shi ya sa har mutanen kudu da na ƙasashen waje suke bibiya.

Mutum biyu ne a zanen. Akwai Malam Jan Biro, wani malamin makaranta mai ɗaure fuska, da biro ja soke a gefen hula da ƙafar wando cuse cikin safa, wanda in ka ce masa sannu sai ya gyara maka. Akwai kuma Ɗan Caji, saurayi mai rumfar cajin waya, wanda ya koyi Turancinsa daga waya da finafinai, kuma kullum shi ke yin nasara a ƙarshe ba tare da ya sani ba.

Nan da nan malamai suka mayar da shi wasa: wa ya yi kama da wa? Aka ce malamin lissafi Ɗan Caji ne saboda ba ya rabuwa da waya. Ni kuwa na buga tebur na ce Jan Biro ba kowa ba ne illa mataimakin shugaban makaranta.

"Ku duba yadda yake ɗaure fuska," na ce. "Ku duba tsaurin ido. Wanda ya zana wannan ya san mataimaki ciki da waje."

"Kai kuma fa, Malam?" in ji Sada.

"Ni? In dai dole sai an kwatanta, na fi kusa da Ɗan Caji. Saurin fahimta."

Ɗakin ya yi tsit. Wata malama ta ƙware da ruwan da take sha, sai da aka bubbuga mata baya. Na ɗauka zafin rana ne.

A mako na uku da fara karantawa idona ya faɗa kan kalmar. Ɗan Caji yana tallar murfin waya, an rubuta color. Babu u. Na goge gilashina na sake dubawa: c, o, l, o, r. Jikina ya yi wani irin yar, kamar an taka mini ƙafa a sahu. Na koma zanen baya ɗaya bayan ɗaya. Ga center a maimakon centre. Ga traveling da l guda. Ga gray, ga favorite, ga neighbor. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a wasu wuraren mai zanen yana rubuta su daidai, colour ɗinsa da u ɗinsa tsaf. Na ce to wannan ba jahilci kaɗai ba ne, har da sakaci. Yau ya tuna, gobe ya manta. Kuma yaranmu ne ke karantawa, yaran da za su zauna jarrabawa.

A ranar na ƙudura cewa sai na ga bayan wannan ɓarna.

Na fara da sharhi a ƙarƙashin zanen, da cikakken sunana da muƙamina. Na jera kalma shida, kowace da gyaranta. Washegari mai zanen ya amsa da layi ɗaya: "Na gode, Malam. Don Allah a ƙara dubawa." Na ɗauki wannan a matsayin rashin kunya. Ni za a ce wa in ƙara dubawa? Na ƙara dubawa kuwa, na samo goma sha ɗaya, na sake rubutawa, a wannan karon har da cewa wanda bai iya haɗa baƙi ba gara ya tsaya ga zanen awaki.

Sada ya ja ni gefe bayan sallar azahar.

"Malam, ka san dai Amurkawa haka suke rubuta tasu, ko?"

"Na sani," na ce. (Na sani, amma irin sanin wanda ya ji labari a mota. An taɓa ambata mana a kwaleji, na ajiye shi a matsayin lalacin mutanen da ba sa son wahalar harafi.) "Muna Amurka ne? Mu tsarin Birtaniya muka gada, shi muke koyarwa. Kuma wannan ba Ba'amurke ba ne, ɗan ƙauye ne irina da bai yi karatu da kyau ba."

"To ka lura da wanda..."

"Sada, na taɓa zuwa na gyara maka taswira?"

Ya ɗaga hannu biyu sama ya tafi.

Sai ga dama ta faɗo. Makarantarmu za ta karɓi taron muhawara na makarantun Safana da Batsari, kuma shugaban makarantarmu ya ce in gabatar da jawabi na minti goma sha biyar kafin a fara. Za a samu wani jami'in ilimi daga Katsina, da iyaye, da tsofaffin ɗalibai. Ana kuma raɗe-raɗin cewa za a naɗa sabon shugaban sashen harsuna, kuma sunana yana ciki. Na ce alhamdulillahi, ga inda zan nuna wa duniya.

Ranar Asabar na hau babur zuwa Batsari. Ban so in buga takardun a Safana ba, kada labari ya riga ni zuwa zauren taron. Na shiga wani shagon buga takardu kusa da tasha, na sa aka fitar mini da zanen guda arba'in da ɗaya, shida daga ciki a babbar takarda. Jawabina kuma, wanda na rubuta da hannuna shafi uku, na ba mai shagon ya buga a kwamfuta ya yi mini kwafi ɗari. Ya ce ko zan duba kafin ya fitar? Na ce ba ni da lokaci, ina so in leƙa Wagini in gaida Inna in juyo kafin la'asar, tunda hanyarmu ba ta son a yi yamma. Ai ni na rubuta, me zan duba?

Kwana uku ina zaune a tabarma bayan na dawo daga makaranta, ina zagaye kalmomi da jan biro. Binta, matata, ta gaji da tsallake takardu in za ta shiga ɗaki.

"Baban Ummi, wai me mutumin nan ya yi maka?"

"Ba ni ya yi wa ba, Turanci ya yi wa."

"To Turancin ne ya kawo ƙara?"

Ta ɗauki takarda ɗaya ta daɗe tana kallon Malam Jan Biro, ta ɗago ta kalle ni, ta sake kallon takardar. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta shige madafa. Ina jin ta tana dariya ita kaɗai, na ce wataƙila wani abu ta tuna.

Tun bayan sharhina na biyu zanen ya daina fitowa. Juma'a ɗaya, biyu, uku, shiru. Masu bibiya suna ta tambaya, wasu suna zagina. Ni kuwa na ƙara miƙe wuya. Na ce wa Sada, "Ka gani? Gaskiya ta yi halinta." Ya ce, "Hmm."

Ranar Laraba na makara, domin sai da na koma gida ɗauko kusoshin manna takardu. Na faka babur, na shiga zaure da gudu-gudu. Zauren ya cika maƙil. Jami'in Katsina yana gaba da shugaba, iyaye a layi na biyu, ɗalibai har bakin taga. Aka raba takardar jawabina, na manna manyan hotunan shida a allo, kowanne ya sha jan zagaye kamar mai ƙyanda.

Wallahi na yi jawabi. Na ce harafi amana ne. Na ce yau a yar da u, gobe a yar da tarbiyya. (Har yanzu ban san inda na samo wannan ba, amma an tafa.) Na riƙa nuna kalma da sanda ina sa ɗalibai su faɗi daidai da ƙarfi. Minti sha biyar ya zama talatin. Shugaba yana ta duban agogo, ni kuwa na hau, ban ga wurin sauka ba. Da a nan na tsaya, da na fita da mutuncina. Amma sai na juyo na fuskanci jama'a na ce:

"Idan mai wannan zane yana cikin zauren nan, ko wani ya san shi, ya tashi ya kare kansa!"

Shiru.

"Na ce ya tashi! Mai gaskiya ba ya ɓuya!"

Shiru. Sada yana can gefe yana girgiza mini kai kamar wuyansa zai cire.

"Karo na uku, kuma na ƙarshe."

Sai wata mace ta miƙe daga layin tsofaffin ɗalibai, a hankali, kamar wadda ake ja da igiya. Na gane ta nan take. Asma'u ce, 'yar Darini, wadda na koyar shekara uku, wadda ba ta taɓa samun ƙasa da na biyu a ajina ba. A lokacin tana koyarwa a firamaren ƙauyensu.

"Allah ya gafarta Malam," ta ce, kanta a sunkuye. "Ni ce."

Na ji sandar ta yi nauyi a hannuna. Amma taurin kai bai sake ni ba. Na ce, "Ke? Ni na koya miki color babu u?"

"A'a, Malam. Da u kuka koya mini. Don Allah ku duba wanda ke magana a duk inda kuka zagaye."

Na juya ga allo. Hoto na farko, Ɗan Caji. Na biyu, Ɗan Caji. Na uku, na huɗu, har na shida, duk wani jan zagaye a kan maganar Ɗan Caji yake. Maganar Malam Jan Biro kuwa fes, ko ɗigo ban taɓa ba.

"Shi Ɗan Caji a waya ya koyi Turanci," ta ci gaba, "wayar kuma rubutun Amurka take bi, kamar yadda ƙannena suke yi a gida. Shi kuma Malam na makaranta ne, rubutun Birtaniya yake yi. Da gangan nake raba musu. Duka biyun daidai ne a wurin masu su. Dariyar ke nan, Malam. Shi ya sa na ce a ƙara dubawa."

Zane arba'in da ɗaya. Kwana uku a tabarma. Ban lura ba ko sau ɗaya.

Ana cikin haka sai jami'in Katsina ya yi gyaran murya, ya ɗaga takardar jawabina.

"Malam, gafara dai. Wannan takardar taka ce?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"To karanta mana layin farko, harafi-harafi."

Na karɓa. Honorable guests. Babu u. Na zura ido ƙasa: program, center, behavior. Kwamfutar mai shagon Batsari ta bi jawabina kaf ta mayar da shi na Amurka, ni kuma na ƙi dubawa, na raba wa mutum ɗari da hannuna. Na ji ƙarar takardu a duk zauren, kowa yana buɗe tasa yana nema. Wata ɗaliba daga baya ta ce, "Ga wani a shafi na biyu!" kamar ana tsintar gyaɗa.

Kuna tsammanin an gama? Ni ma haka na zata. A layi na biyu akwai wani dattijo manomi, kakan wata ɗaliba, wanda bai san ko harafi ɗaya na Turanci ba, kuma duk abin da ake yi shi hotunan kawai yake kallo. Ya taɓa na kusa da shi, ya yi tambaya da irin muryar mutanen da suka saba kira daga wannan gona zuwa waccan:

"Wai ni kam, wannan na jikin takarda mai biro ga hula, ba shi ne wannan da ke tsaye ba? Har safar ma iri ɗaya!"

Na sunkuya na dubi ƙafafuna. Cikin gaggawa ban fitar da wandon daga safa ba tun da na sauka daga babur. Na kai hannu gefen hula. Biron yana nan.

Dariyar da aka yi a ranar, an ce masu sayar da rake a bakin ƙofar makaranta sun shigo tambayar lafiya. Jami'in ya cire gilashi yana share ido. Mataimakin shugaba, wanda na shafe wata biyu ina laƙa masa sunan Jan Biro, ya faɗo daga kujera a zahiri, ba wai misali ba. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba: Asma'u. Ta rufe fuska da mayafi ta fita. Ni kuwa na tsaya da sanda a hannu, na ce, "Na gode da sauraro," da Turanci, kamar wani abin kirki ya faru.

Shugabancin sashe dai wani aka ba. Wannan bai dame ni ba kamar yadda na zata. Abin da ya hana ni sukuni shi ne mayafin nan da aka rufe fuska da shi. Sada ne ya gaya mini cewa saboda sharhina ta daina zanen, domin ta ce in har malaminta yana ganin ɓarna take yi, to gara ta bari. Ta zo taron ne ma da niyyar ta same ni a keɓe ta yi mini bayani, ni kuma na kira ta gaban jama'a har sau uku.

Irin ƙudurin da na yi na yaƙar zanen, shi na juya. Na ce ko zan zama abin nuni har in mutu, sai na je Darini. Ranar Asabar da hantsi na isa. Na tarar da mahaifinta a ƙofar gida yana gyaran igiyar jaki. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi Inna a Wagini, ya tambayi damina, ya tambayi hanya, ya sake tambayar iyali. Sannan ya ce, "Malam, mi ya faru? Ɗiyar nan tun Laraba ba ta cin abinci. In laifi ta yi maka, hwaɗa mini."

Na ce, "Baba, ni na yi mata. Haƙuri na zo bayarwa."

Ya dube ni da mamaki, malami guda ya taso tun daga Safana don ba ɗaliba haƙuri. Ya aika aka kira ta. Ta durƙusa nesa, ta fara ba ni haƙuri kan ta zana ni ba da izini ba. Na ce ta dakata, yau layina ne. Na faɗi abin da na zo faɗa, ban yi wa kaina sassauci ba. Da na gama na tambaye ta abin da ke cina:

"Asma'u, haka nake? Haka kuke ganina?"

Ta ce, "Malam, fuskar da safar dai haka suke. Amma kun lura Jan Biro bai taɓa yin kuskure ba? Duk maganar da zan sa a bakinsa sai na duba ƙamus sau biyu. In na zo rubuta tasa, ji nake kamar kuna tsaye a bayana. Ba don ku ba, ai da ban san akwai bambancin da zan yi wasa da shi ba."

Na kawar da kai ina kallon jakin, don wani abu ya shiga mini ido.

Na roƙe ta ta ci gaba, ta ce sai in na yarda Jan Biro ya zauna yadda yake. Na ce ya zauna, amma a rage masa tumbi, don wannan ƙari ne. Mahaifinta ya ce shi bai ga ƙari ba.

Da na dawo gida na zauna na rubuta neman afuwa a ƙarƙashin zanen, inda na yi ɓarnar, da cikakken sunana kamar yadda na yi a farko. Na rubuta I apologise for my behaviour. Kafin in aika, wayata ta mayar da s ya zama z, ta kuma cinye u. Na daɗe ina kallonsu. A ƙarshe na ce a yi sulhu: na dawo da u ɗina, na bar musu z ɗinsu, na aika.

Minti biyu ba a yi ba amsa ta shigo, daga Sada: "Malam, a zaɓi ɗaya."

Abin da nake gaya wa ɗalibaina ke nan yanzu: rubutu iri biyu ne, ku san duka, ku riƙe ɗaya daga farkon shafi zuwa ƙarshe. Ni kuma darasin da na ɗauka wa kaina bai da alaƙa da Birtaniya ko Amurka. Kafin ka gyara wa mutum magana, duba wa ke yin ta. Kafin ka raba takarda ɗari, karanta guda ɗaya. In kuma ka shiga ɗaki kana tambayar wa ake yi wa dariya, kowa ya yi tsit yana kallon silin, to kada ka ƙara tambaya. Ka samu wuri ka zauna.